Ranar da Na Ce Su Bi Idona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ɗalibaina suka yi min biyayya har ta yi yawa ba. Har yau idan na ratsa filin makarantarmu ta Takur da hantsi, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara da Hauwa'u, don ita ce tushen maganar. Tare muka karanta fiziks a jami'a, ita 'yar Jahun, ni kuma daga wata ruga a gefen Buji. Duk zaman da muka yi ina sonta, kuma ban taɓa furtawa ba. A gidanmu ko sunan ɗan fari ba a kira, balle a dubi mace ido cikin ido. Idan tana yi min magana, takalminta nake kallo (har gobe zan iya zana muku shi, baƙi ne mai igiya a gefe). Da muka gama ta samu tallafin karatu ta tafi Turai, ni kuwa na ɗauki alli.

Aikinta a can jera ƙwayoyin zarra ne. Takan turo min bayani ta waya: a sanyaya su, a riƙe su da siririn hasken nan mai ƙarfi da ake kira leza, a jera su sahu-sahu kusa da juna. Ƙwaya ɗaya ba ta iya tare haske, amma idan jerin ya yi daidai sai su amsa tare, shimfiɗa ɗaya tak ta mayar da haske kamar madubi. Nakan karanta in sake karantawa, rabi don ilimin, rabi don ita ta rubuta.

Da na ji ta zo hutu, na roƙe ta ta zo ta yi wa ɗalibaina jawabi. Na kuma ƙudura a raina cewa bayan taro zan raka ta bakin titi in faɗa mata abin da na daɗe ina haɗiyewa. Amma kafin nan sai na burge ta.

Na sa 'yan matan ajina kowacce ta kawo ɗan madubin hodarta, na jera su a fili a matsayin ƙwayoyin zarra, na rataya farin zanin gado a bango, inda za su mayar da hasken rana. Gwajin farko hauka ne, haske a kan bishiya, haske a idon mai gadi. Sai dabara ta zo min.

"Ku bi idona," na ce. "Duk inda na kalla, nan za ku kai haskenku."

Nan take hasken ya taru wuri guda a kan zanin. Na koma gida ina jin ko a Turai sai haka.

Ranar taro shugaban makaranta da malamai suka zauna a inuwar rumfa, Dakta Hauwa'u a tsakiyarsu cikin shuɗin mayafi. Na yi bayani da murya irin ta masu labaran rediyo, na ɗaga hannu, yara suka ɗaga madubai. Saura in dubi zanin gado. Daidai lokacin wata malama ta raɗa mata wani abu, ta yi dariya, irin dariyar nan da na sani tun ajin farko. Idona ya tafi.

Sai na ga fuskarta ta haskaka. Wallahi da farko na ɗauka zuciyata ce ke nuna min haka, har nake cewa a raina, ashe abin da mawaƙa ke faɗa gaskiya ne. Na ƙara kafa mata ido. Haske ya ƙaru. Sai da ta ja mayafi ta rufe fuska, sannan shugaban makaranta ya yi gyaran murya.

"Malam, zanin yana can ta hagunka."

"Me kuke yi haka?" na daka wa yaran tsawa.

"Malam, ai kai ka ce mu bi idonka," in ji wata daga sahun baya.

Fili ya ɗauki dariya. Ni kuma na yi abin da na saba yi duk rayuwata, na sunkuyar da kai. Yaran kirki, sai ga hasken gaba ɗaya a kan takalmina (ranar ko shafa masa mai ban yi ba).

Duk da haka na raka ta bakin titi, don babu ramin da zan shiga. Muna jiran a-daidaita-sahu ta ce, "Gwajinka ya yi kyau, Malam, sai dai namu ƙwayoyin ba su da malamin da suke kallo."

Na yi yaƙe. Ta sassauta murya.

"Duk zamanmu a jami'a ina jiran ka ɗago kai. Ko sau ɗaya." Ta gyara mayafinta. "Hutun nan na ɗaurin aurena ne. Juma'a mai zuwa, a Jahun."

Na ce Allah ya sanya alheri, na kuma je ɗaurin auren, na ci goro. Ta koma Turai, har yanzu takan turo bayanin aikinta jefi-jefi, ina karantawa, ina kewarta, ba zan ɓoye muku ba.

Duk shekara ina maimaita gwajin madubi da sabon aji, amma yanzu da gawayi nake zana alama a tsakiyar zanin, in ce ita za su bi. Idona kuwa ba na ƙara ba wa kowa amanarsa. Abin da na koya shi ne, idan mutum zai ɗago kai, ya ɗago da wuri, tun babu madubai a wurin.