Ranar da Na Tsiyaye Tayoyin Tarakta

Na daɗe ina facin taya a garejinmu na unguwar Oloumi, shi ya sa da Alhaji Isuhu ya kawo taraktarsa daga garin Owendo, tsatsa ta ci ƙarafan ƙafafun baya, ban bari ya gama bayani ba. Na ce, "Alhaji, je ka sha shayinka."

Ina kwance bawul ɗin da ake ɗura wa taya iska sai jan ruwa ya feso mini a fuska. Na dubi sama, na dubi taya. Ta ina ruwan sama ya shiga? Har maƙwabta na kira su ga ikon Allah. Na tsiyaye ruwan tas, na kankare tsatsa, na shafa fenti, na ɗura iska.

Washegari tarakta ta kafe a taɓo, ƙafafu na ta juyawa wuri ɗaya. Alhaji ya bugo waya.

"Malam, ina ka kai ruwan tayoyin?"

"Na raba ka da shi, Alhaji."

Ya ce, "Da gangan aka zuba shi. Nauyinsa ke riƙe ta a ƙasa."

"To ba shi ya kawo tsatsar ba?"

"Shi ne."

Har yau kaina bai ɗauka ba. Yanzu ko kwakwa aka sayo a gareji, sai wani ya ce, "Ku ɓoye, kar Malam ya tsiyaye ta ya ɗura mata iska."