Rasuwar Na'urar Fasa Tsakuwar Ƙoda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, babban likitan tiyata na wannan asibiti, a madadin kansa da wuƙaƙensa, yana sanar da rasuwar na'urar fasa tsakuwar ƙoda, wadda ta cika jiya da hantsi a ɗakinta na ƙarshen baranda, tana tsaka da aiki. Waɗanda suka ga likitan yana murmushi a bakin ƙofa su yi masa uzuri, haka fuskarsa take yi in ya kaɗu.

Marigayiyar ta zo asibitin nan cikin akwati, aka yanke mata ƙyalle, aka yi tafi. Tun daga ranar ta rage wa likita wahalar aiki, har ta kai ta ɗauke masa aikin ɗungurungum. Halinta sananne ne. A kwantar da mutum, a shafa masa mai mai sanyi a kwiɓi, a manna masa matashin ruwa. Da sautin da kunne ba ya ji take leƙa cikinsa ta gano inda tsakuwa ta laɓe, sannan ta dinga dukanta daga waje, “tas, tas, tas,” har ta koma yashi. Ba yanka, ba jini, ba tabon da za a nuna wa 'yan dubiya. Mutum ya tashi ya ɗaura wandonsa, ya tafi gida ya fitsarar da ciwonsa a rariya. Ko sannu ba ya tsayawa yi wa wanda ya ƙare ƙuruciyarsa wajen koyon riƙe wuƙa, ga shi nan a ofis yana kaɗa ƙafa. Abin ya daɗe yana ci wa likita rai, amma ya yafe mata tun jiya.

Ciwon ajalinta zafi ne. Ya faro tun da aka cire abin sanyaya ɗakinta aka kai wani ofishi da ya fi buƙata, wanda ba sai an faɗi na wane ne ba. Jikinta ya riƙa ɗaukar zafi, muryarta ta dishe, “tas” ya koma “taf.” Mai sarrafa ta ya yi ta zarya yana roƙon a dawo da abin sanyayawar, likita ya ba shi shawarar ya riƙa yi mata fifita. Kalmarta ta ƙarshe “fuuu” ce, da ɗan hayaƙi da ƙaurin roba.

Ta rasu ta bar mai sarrafa ta, wanda yanzu yake tura keken marasa lafiya, da rabin galan na man shafawa, da mutane cike da benci kowa dafe da kwiɓi. Amma wanda maraici ya fi kamawa shi ne yayan matar likita, wani tela, domin shi ne a kwance a kanta lokacin da ta cika. Wannan bawan Allah, a duk taron dangi mahauci yake kiran likita, yana tambaya ko akwai ragowar hanta a sammasa, yara suna dariya. Ya sha rantsuwa gara ya mutu da tsakuwarsa da ya kwanta a gaban wuƙar mijin ƙanwarsa. To, marigayiyar ta raba masa tsakuwar gida biyu, sannan ta yi tafiyarta. Yanzu ɓari guda ya gangaro ya toshe hanyar fitsari, tela yana birgima, yana cizon matashi, yana kiran uwarsa da ta daɗe da barin duniya. Wata na'urar irinta tana can nesa, shi kuwa ko zama a mota ba ya iya yi. Ƙanwarsa ta zo da kuka tana roƙon mijinta ya manta da baya. Likita ya tabbatar mata ya manta, har ya sa an dafa kayan aiki.

Za a yi jana'iza gobe da safe. Masu shara za su tura gawar bayan ɗakin ajiya, kusa da karyayyun gadaje, a lulluɓe ta da tsohon labule. Zaman makoki a ɗakin tiyata ne, mutum ɗaya za a karɓa, shi ma a kwance. Ana roƙon tela kada ya ci komai, kada ya sha ko ruwa, ya cire agogo, ya sa rigar nan mai buɗaɗɗen baya. Da yake gwanin ɗinki ne, likita ya yi alkawarin miƙa masa madubi in ya farfaɗo, ya duba aikin a jikinsa ya faɗi ra'ayinsa.