Tunau Zai Raka Inna Italiya

Ranar wata Laraba, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, wayar Inna Tabawa ta yi ƙara a cikin kwanon da take ajiye ta. Gidan yana ƙarshen ƙauyen Rafin Tsamiya, kuma mutanen cikinsa ba su da yawa: Inna Tabawa, wadda ciwon gwiwa ya zaunar da ita, da ɗanta Tunau, da matarsa Ladidi mai goyo, sai akuya guda da ɗanta. Tunau ƙaƙƙarfa ne, ga kirki. Aibinsa ɗaya: duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya, ko ruwa ake yi da ƙanƙara a nan za ka same shi.

Mai kiran Balaraba ce, autar Inna, wadda take aikin jinya a ƙasar Italiya, tana haya a gidan wata tsohuwa mai suna Fina. Ta ce ta shirya Inna ta zo hutun wata guda, tare da ɗan rakiya mutum ɗaya.

Inna ba ta ko yi tunani ba ta ce, "Tunau."

Da labari ya kai wa Sallau, babban ɗan Inna, mai shagon kayan babur a cikin gari, sai ga shi ya zo a fusace. Ya ce, "Tunau a jirgi? Mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba? Inna, ko cin abinci aka zauna sai ya ba mu kunya. Ni zan je."

Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya. Fina tana da ɗa mai suna Enzo, yana aikin injinan ban ruwa a Kano, ya daɗe har yana jin Hausa, kuma shi zai rubuta takardar gayyata. Zai zo gaida Inna ranar Lahadin ƙarshen wata. In Tunau ya karɓe shi da abinci irin na ƙasarsu ba tare da abin kunya ba, sunansa za a sa. In ya kasa, Sallau ne. Balaraba ta ɗauki alkawarin koya wa Tunau ta waya, ƙa'ida ɗaya a kowane kira, don ta san ba ya riƙe biyu.

Wata rana ta ce masa, "Yaya Tunau, a nan ba a karya taliya. Yadda take da tsawonta haka ake dafa ta, haka ake ci." Tunau ya sayo taliya ya rungumo ta kamar jariri. Ladidi ta ɗora tukunya, ya ga tsawon taliyar ya fi bakin tukunyar, ya ce sam. Ya jawo rabin durom ɗin da akuya take shan ruwa a ciki, ya wanke, ya hura wuta a ƙarƙashinsa, ya kwantar da taliyar a ciki sili-sili. Da ta dahu ya ɗauki sili ɗaya ya ɗaga kai sama, ya zura, ya haɗiye. Ya ɗauki na biyu. A na biyar ya shaƙe, idanunsa suka fito, Ladidi tana dukan bayansa.

Ta ce, "Malam, ka tauna mana!"

Ya ce, yana hawaye, "Ai tauna ma karyawa ce."

Wata rana Balaraba, bayan ta ba shi izinin tauna, ta ce, "Ruwan dafa taliya sai ya ji gishiri kamar ruwan teku." Tunau bai taɓa ganin teku ba, sai ya tafi wurin Dogara direban tirela.

"Dogara, yaya ɗanɗanon teku yake?"

"Kai, bari! Na taɓa kurɓa a Ikko, sai da harshena ya kwana biyu bai san daɗi ba."

Tunau ya dawo ya zauna gaban durom, yana zuba gishiri yana ɗanɗanawa, yana zubawa yana ɗanɗanawa, har ya daina jin harshensa a bakinsa. Sannan ya ce teku ya yi. Ba wanda ya iya cin loma ɗaya. Ladidi ta watsar da ruwan a bayan gida, awakin unguwa kaf suka taru suna lasar ƙasa, da suka gama suka shigo suka cinye kuɓewar da ta shanya.

Wata rana Balaraba tana sauri za ta shiga aiki ta ce, "Kuma in rana ta raba, ba a shan madara." Ita gahawa take nufi, don mutanen can da safe kawai suke zuba mata madara. Tunau bai ji zancen gahawa ba, tunda ba a faɗa ba. Da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, ya kama ɗan akuya ya ɗaure nesa da uwarsa. Mai nono ta yi sallama, ya ce ta dawo gobe da hantsi. Ya leƙa ɗaki ya ga Ladidi tana shirin shayar da jaririya, ya buɗe baki zai yi magana, ta kalle shi ta ce, "Faɗi. Ina jin ka." Ya rufe bakin. Amma furar Inna da ruwa zalla ya dama ta.

Inna ta kurɓa ta ajiye ludayi. Ta ce, "Ina nonon?"

"Inna, rana ta raba."

"To ta raba ni da kai. In haka ake rayuwa a can, a mayar wa yarinya da kuɗin jirginta."

Ɗan akuya yana kuka, uwarsa tana amsawa, har sai da Balaraba ta tashi daga aiki ta warware maganar.

Wata rana ta koya masa tsarin kawo abinci. Ta ce, "Ba a haɗa nama da taliya ko shinkafa a faranti ɗaya. Sai an gama na farko, sannan a kawo nama." Washegari aka yi suna a gidan Sallau, aka sa Tunau fitar da abinci. Ya bi manyan farantan shinkafa ɗaya bayan ɗaya yana tsince naman, ya tara a baho ya rufe, ya zauna a kai yana jiran a gama na farko. Mutane suka tona shinkafa, suka sake tonawa, suka kalli juna. Wani dattijo ya ce, "Ashe ragon Sallau da rai ya koma." Suka wanke hannu suka watse. Da wurin ya yi shiru, Tunau ya fito da bahon nama a ka yana murmushi, bai tarar da kowa ba sai Sallau.

Sallau ya ce, "Ka gama da ni a garin nan. Amma ranar Lahadi ni zan gama da kai."

Daren Asabar Balaraba ba ta ba shi wata ƙa'ida ba, don ta tsorata. Sai ta koya wa Ladidi dahuwar, ta ce Tunau ya kai kwano kawai ya buɗe. Sai dai da za su yi sallama ta ce wa Tunau, cikin kewa, "Ka san abin da ya fi burge ni a gidan Gwaggo Fina? Ranar Lahadi ba a buɗe kwano sai kowa na gida ya zauna wuri ɗaya, maza da mata, har uwa."

Ranar Lahadi Enzo ya iso da azahar. Aka yi masa shimfiɗa a inuwar darbejiya, ya leƙa ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya dawo ya zauna kusa da Sallau. Taliyar Ladidi ta yi kyau, ga miyar tumatir tana ƙamshi. Tunau ya ajiye kwano a tsakiya, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin.

Sallau ya ce, "Buɗe mana."

"Yaya, ba kowa ne ya zauna ba."

"Wa ya rage? Ga baƙo, ga ni, ga kai."

"Yau Lahadi."

Sallau ya ja murfin, hannun Tunau bai motsa ba. Aka kira Ladidi. Ta daɗe tana nuƙu-nuƙu, sannan ta zo ta ɗosana a gefen tabarma, ta ja mayafi har hanci. Saura Inna. Ita kuwa tun da ta haifi ɗan farinta ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ko sunansa ba ta faɗa, balle ga baƙo namiji. Tana ɗaki da kwanon tuwon masararta da miyar kuka. Tunau ya aika Ladidi, ta dawo ita kaɗai. Ya sake aika ta. Turirin da yake fita ta gefen murfi ya ragu, ya ɗauke. Sallau yana ta ba Enzo haƙuri, amma fuskarsa ba ta mai baƙin ciki ba ce.

Can Inna ta ɗaga murya daga ɗaki don a ƙyale ta. Ta ce, "A ce musu ƙafata ba za ta kai ni ba!"

Tunau ya miƙe. Ya ce, "In dai ƙafa ce, ga tawa." Ya ɗamƙa wa Ladidi tsaron murfi, ya shiga ɗaki. Jim kaɗan sai ga shi ya fito da Inna a hannu, ita da kwanon tuwonta, yana takawa a hankali don kada gwiwarta ta bugi ƙyaure. Sai da suka iso tsakiyar tabarma sannan ta ce, "Sauke ni, ja'iri!" Ya sauke ta a nan.

Ya buɗe kwano. Taliya ta huce ta dunƙule ta zama curi ɗaya, ya soka cokali mai yatsu ta taso gaba ɗayanta. Sallau ya gyara hula ya ce, "To, shi ke nan. Magana ta ƙare."

Enzo bai kalli taliyar ba. Kwanon Inna yake kallo. Ya ce, "Mama, wannan mene ne?"

Inna, kanta a ƙasa, ta ce, "Tuwon masara ne, ɗan nan. Ba na baƙi ba ne."

Ya nemi izini ya gutsura, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya yi dariya ya ce, "A garinmu polenta muke ce masa. Uwata tana tuƙa shi lokacin sanyi, ita ma da muciya. Miyar ce kawai ba ɗaya ba." Inna ta ɗago. Ta tambaye shi ko uwar tasa tana tankaɗe garin, ya ce ba ta yi, ta ce to za ta nuna mata. Ta tura masa kwanon gabansa. Ladidi ta tashi ta kwaso sauran tuwon, kowa ya sa hannu.

Da aka ci aka ƙoshi, Enzo ya ce, "Akwai abin da uwata ta ce in duba. Gidanmu tsoho ne, ɗakin Balaraba yana can sama, matakalar ƙunci gare ta, ga tsawo. Duk wanda zai raka Mama, shi zai riƙa hawa da ita yana saukowa." Ya dubi Sallau.

Sallau ya dubi Inna, ya shafa ƙugunsa, wanda ya daɗe yana sha wa magani. Sannan ya ce, "Rubuta sunansa. Amma kai Tunau, in an kawo nama a jirgi, ka bar wa mutane abinsu."

Tunau ya ce, "To, Yaya."

Bayan ƙaramar salla takardu suka fito. Sallau ya kai su filin jirgi a Kano, ya dawo ya kwashi akuya da ɗanta zuwa gidansa. Inna ta yi wata guda a gidan Fina, Tunau yana sauko da ita da safe, yana mayar da ita da yamma.