Gwamnan Gaɓa da Hoto Na Goma

Ba kowane gari ne ya yi dace irin namu ba. Mu a Port Alder, nan bakin kogin Mississippi, Allah ya ba mu mutumin da ya san komai, wato Dakta Wendell Kruse, likitan haƙori mai ritaya, shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton tsuntsaye. Gwamnan Gaɓa muke ce masa. A bayan idonsa muka laƙaba masa sunan. Da labari ya kai masa sai ya ɗauka yabo ne, ya sa aka ɗinka masa shi a gaban hula.

Kowa a garin nan ya san idan kogi ya daskare mikiyoyi masu farin kai sukan taru a ƙasan madatsar ruwa, don nan kaɗai ruwa ke gudu, nan kifi yake. Ko kyanwar gidana ta san wannan. Amma duk Disamba sai Gwamna ya tara mu ya bayyana mana shi a matsayin binciken da ya yi, mu kuma mu gyaɗa kai, don an ce kada a katse mai ilimi.

A wajen madatsar akwai dandamalin katako da gari ya gina wa masu kallo. Nan muke jeruwa tun da sassafe da kyamarorinmu, yatsun ƙafa sun mutu, hanci na yoyo. Sai wajen ƙarfe tara Mai Girma zai sauka daga a-kori-kurarsa, fari fat tun daga hula har takalmi, wai don kada mikiya ta gan shi cikin dusar ƙanƙara. Mutum arba'in ne a wurin, da mai sayar da kofi da rediyonsa, amma shi kaɗai mikiya za ta gani. Bututun kyamararsa kuwa ya kai na hayaƙin murhu.

Ba ya ɗaukar hoto a dandamali, Allah ya kiyaye. Zuwa yake ya yi mana wa'azi.

"Ku tsuntsu kuke ɗauka," in ji shi, "ni kuwa ran tsuntsu nake ɗauka. Mikiya ba ta zuwa wa kyamara, mai haƙuri take zuwa wa. Na taɓa kwanciya awa bakwai cikin ƙanƙara ban motsa ba, har ta sauko ta dube ni, na dube ta, muka fahimci juna."

Bara awa biyar ya ce. Haƙurin nasa ƙaruwa yake duk shekara.

Yana gama wa'azi sai ya nufi wurinsa na asiri, wanda yake kira "Wurina". Ba wanda ya taɓa ganin wurin. Sai ya zagaye gari sau biyu yana leƙen madubi, kada a bi shi. Wani bawan Allah ya tuƙo mota tun daga Chicago ya roƙe shi kwatance, Gwamna cikin karamci ya zana masa taswira a bayan takardar kofi. Mutumin ya wuni a bakin jujin gari yana ɗaukar hankaki.

Abu biyu ba ya rabuwa da su in zai je Wurina. Na farko wata shuɗiyar kula mai nauyi, wadda ya ce abincin ranarsa ne. Na biyu tsohon sirinji na zamanin da yake cire wa mutane haƙora, wanda ya ce da shi yake hure ƙura daga gilashin kyamara. Mu dai mun yarda. Babban mutum ai ba ya ƙarya, ci ne kawai gare shi.

To, duk ƙarshen Janairu muna Bikin Mikiya, a yi gasar hoto, wanda ya ci a buga nasa a bangon kalandar gari. Shekara tara a jere Gwamna yana lashewa, kuma kullum hoton iri ɗaya ne: mikiya ta sauko ta sure kifi dab da hancinsa. Majalisar gari ta yi alkawarin duk wanda ya ci sau goma a jere za a sa wa dandamalin sunansa. Ba su zaci wani zai kai ba. Gwamna kuwa tun cikin kaka ya ba da aikin allon tagulla mai sunansa, da kuɗinsa, don kada ya wahalar da majalisa. Na gan shi da idona yana auna inda ƙusoshi za su shiga.

Mutum ɗaya ce ke bin sa a baya a gasar, Doreen Hatch, wadda ta yi shekara talatin tana tuƙa motar 'yan makaranta. Kyamararta ta hannu ce. Shekara uku da suka wuce ta ga mataccen kifi a bakin ƙanƙara, ta sa ƙafa ta tura shi ruwa, mikiya ta sure, ta ɗauki hoto. Tabɗi! Gwamna ya kira taron gaggawa. Har da hawaye.

"An ci mutuncin tsuntsun da ke kan tambarin ƙasarmu," in ji shi. "An mai da sarauniyar sama 'yar maula. Muddin ina numfashi ba za a sake ba."

A nan take ya rubuta doka da hannunsa: duk wanda ya jefa wa mikiya kifi don hoto, an kore shi daga ƙungiya har abada, kuma duk kyautar da ya taɓa ci ya mayar. Doreen da yake laifinta ya riga doka, sai ya tausaya mata da dakatarwar shekara guda. Ta yi shekararta, ta dawo dandamali da butar kofinta. Ni dai abin ya ci min rai, amma ban yi magana ba, kuma har yau ina jin kunyar haka.

Bana, saura kwana tara a rufe karɓar hotuna, sai aka yi dusar ƙanƙarar da ta toshe hanyar arewa gaba ɗaya. Gwamna ya shiga wani hali. Safe da yamma yana tambayar yaushe za a buɗe hanya. Mun yi mamaki kaɗan, tunda Wurina a bakin koginmu yake, amma muka ce tausayin matafiya ne. Ba a buɗe ba. Ranar Alhamis, ranar ƙarshe, aka ga ya fita da kularsa. Da la'asar ya dawo yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Ranar biki zauren makaranta ya cika. Kowa ya kawo hotonsa daidai girman faranti, kamar yadda aka saba. Gwamna ya ce hoto na goma ba a yi masa ƙwauro, ya sa aka faɗaɗa nasa ya kai girman ƙofa, aka lulluɓe da farin mayafi. Alƙalai suka ce shi ya ci. Ya hau mumbari, allon tagulla a hammata.

"Shekara goma ina sauraron kogin nan," in ji shi. "Babu wani abu mai rai a cikinsa da ban sani ba. Ba alfahari nake ba, gaskiya ce ta yi min yawa."

Ya fizge mayafi. Gaskiya hoto ya yi kyau, ba zan ci hakkinsa ba. Fukafukai a buɗe, ruwa na tartsatsi, kifi a cikin farata. Kyamarar nan mai tsada ba ta bar komai ba, kowane zane na jikin kifin ya fito raɗau. Aka yi ta tafi.

Sai tsoho Gus Behnke ya matso. Shekara hamsin ya yi yana jefa taru a kogin nan, kuma kek ɗin kyauta ya kawo shi, ba hoto ba. Kunnensa ya yi nauyi, don haka ko raɗa zai yi sai an ji a waje. Ya sa tabarau, ya kai hancinsa jikin hoton.

"Wendell, a ina ka ɗauki wannan?"

"A kogin nan, Gus. A inda ba a faɗa."

"To kogi ya yi baƙo. Wannan ai kifin teku ne, dubi baƙin zanen bayansa. Daga nan zuwa teku tafiyar kwana biyu ce a mota. Kuma ji cikinsa tim kamar ƙwallo, iska aka ɗura masa don kada ya nutse."

Na ga mutum uku sun juya suna kallon aljihun da sirinji yake. Amma Gwamna gwamna ne. Ya gyara murya ya fara bayani a kan sauyin yanayi da ƙaurar kifaye, har ya ce watakila shi ne mutum na farko da ya kama wannan abin mamaki a hoto. Wallahi wasu sun fara gyaɗa kai.

Sai ga matarsa Marjorie ta taso daga teburin kek, wuƙa a hannu. Shekara arba'in tana zuwa taronsa, ba a taɓa jin muryarta ba. Ta tsaya gaban hoton ta riƙe baki.

"Haba Wendell! Ashe nan kifina ya tafi? Wanda na saya don Juma'a? Kana zaune kana karanta jarida na kori kyanwa waje cikin sanyin nan, mako guda ina gaba da ita!"

Sauran labarin a ranar ya fito. Shekara tara yana sayo kifin kogi a wani kanti can arewa inda ba a san shi ba, ya ɗura masa iska, ya jefa, ya danna kyamara. Da hanya ta toshe sai ya buɗe firjin gida. A wurin wanda ya san duk abu mai rai a kogi, kifi dai kifi ne.

Doreen ta zaro takardar doka daga jakarta, ashe shekara uku tana yawo da ita. Ta miƙa masa cikin ladabi.

"Dakta, kai ka karanta mana, muryarka ta fi tawa daɗi."

Hoton Doreen ne a bangon kalanda bana: mikiya guda a zaune kan ƙanƙara, ta juya wa kowa baya. Dandamali yana nan ba suna. Allon tagulla kuwa Marjorie ta ce asara ce a jefar, a kansa take ɗora wa kyanwa kwanon abinci.