Ranar da Na Rufe wa Motar Sani Ido

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ceton aikin ɗana Sani ba, na ƙare da tona mana asiri da bakina. (Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini. In kuka ya zo sai ta ajiye biro ta jira.)

Mijina, Malam, ya rasu da damina. Shekara talatin yana tuƙin babbar mota, bai taɓa wuce ɗan'uwa a bakin hanya ba. Da na fita takaba ba abin da ke raina sai yayarsa Hajo da ke Janbako. Ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ko gaisuwa ba ta samu zuwa ba. So nake in kai mata rigarsa da carbinsa, mu yi kukanmu tare.

Sani yana tuƙa motar wani kamfani a nan Mafara, yana raba shinkafa da taliya da man girki ga masu shaguna a Bakura da Maradun. Na ce ranar da zai yi Maradun ya ɗauke ni, ya ratse da ni Janbako.

Ya ce, "Inna, yanzu ba zamanin Baba ba ne. Sun sa wa motar na'ura. Tana ganin inda na bi, da gudun da na yi, da daɗewar da na yi a tsaye. Kuma an hana ɗaukar fasinja."

Na ce, "Ni ce fasinja? Ni da na goye ka?"

Na sa masa kuka, na kira sunan ubansa. Ya sunkuyar da kai ya ce in shirya.

Da na hau gaban motar sai na ga abin: ɗan akwati mai gilashi, da wata koriyar wuta tana ƙyaftawa. Na ce a raina, tunda gani take yi, ai wannan ne idon. Sani na sauka ya ƙara ɗaure tamfol, na zaro zane daga ƙullina, na ninka shi huɗu, na lulluɓe akwatin na ɗaure tamau. Da ya dawo ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Tuƙa kawai, na gama da ita." (Har na ji ina yaba wa kaina wayo.)

A Janbako ni da Hajo muka rungume juna muka yi ta kuka. Ta hana mu tafiya sai an dama fura. Wayar Sani na ta ƙara a aljihu, bai ɗauka ba. Ba mu isa Maradun ba sai bayan la'asar, masu shaguna sun gaji da jira, wasu sun kira kamfani.

Washegari aka karɓe masa makullin motar. Aikin nan shi ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa uku da ni. Na zura hijabi na nufi ofis.

Na tarar da manajan, wanda bai girmi Sani ba, direbobi sun cika ɗakin suna jiran takardun kaya. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Ɗana, sharri aka yi wa Sani. Motar nan ba ta taka Janbako ba. Taya ce ta yi faci a hanya."

Bai musa mini ba. Ya juyo da wani allo mai kama da talabijin, ya bi wani jan layi da yatsa. "Inna, ga inda motar ta bar kwalta. Ga inda ta tsaya cikin Janbako, awa biyu da kwata, inji a kashe."

Ban san lokacin da na dafe ƙirji ba. "Kai! Ta ina ta gani? Ai ninki huɗu na yi wa zanen!"

Sai Ilu, tsohon direba abokin marigayi, ya ce, "Matar Malam, ai da kin ƙara da bargo!"

Dariya ta ɓarke. Manaja ya kifa kai kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Sani kuwa, ashe yana bakin ƙofa, ya ja hula ya rufe fuska. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na zauna a ƙasa na faɗi gaskiya duka, ina hawaye: ni na tilasta shi, ni na ɗaure akwatin. Manaja ya share idonsa ya ce, "Inna, da kin zo kin faɗa mini tun farko, da na sa an kai ki da ƙaramar motarmu." Ya dakatar da Sani mako ɗaya, sannan ya mayar masa da makulli.

Na koyi cewa mai furfura irina, in tana da buƙata, ta je ta roƙa kawai. Ƙarya ba sana'ata ba ce. Na fara ta da tsufa, ko minti biyu ban yi a cikinta ba aka sallame ni.