Matatar Mai Jita

Wani ne yake kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa. Wato dai yana rataye da jita, yatsunsa kuma suna motsi. Abin da ke fitowa daga sifika kuwa, masu kara suna kiransa tsuwwa. Karnukan layin ma sun haddace ranar gwaji, ranar suke zuwa zumunci wata unguwa.

Ran nan Oga, shugaban ƙungiyar, ya ɗaga hannu aka tsai da kiɗa. Ya ce, "Kai, ranar Asabar muna da wasa a gidan biki. In abar nan ba ta daina kukan ɓera a tarko ba, ka nemi wata sana'a. Na ji ana cigiyar mai korar tsuntsaye a gona, kuma kana da kayan aiki."

Gogan naka ya saɓi jita sai shagon mai gyaran rediyo. Ya tsallake gawarwakin rediyo, ya jona, ya kaɗa sau ɗaya. Mai gyara ya ajiye ƙarfen dalma, ya sa ɗan yatsa ya duba ko kunnensa yana nan.

"Matata za ta yi maganin wannan."

"Ikon Allah! Ita ma Hajiya gyara take yi?"

"Matata ta tacewa, malam! Abu biyu ne kawai, rizista da kafasita. In sauti ya taho, mai kaurin ya wuce, siririn da ke huda kunne kuma kafasita ta janye shi. Iya girman kafasita, iya abin da take yankewa. Zauna in haɗa maka."

Mutumin ya ce a bar shi, ai shi ma ba baƙon ilimi ba ne, aji uku ma sau biyu ya yi shi. Ashe duk surutun nan tacewa ce kawai?

Da isarsa gida ya shiga kicin ya ɗauko rariyar matarsa, ya ɗaure a bakin sifika da igiyar takalmi. Ya kaɗa. Tsuwwa ta fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya zauna ya yi tunani mai zurfi. Rariya siriri take saki ta riƙe mai kauri, shi kuwa akasin haka yake so. To abu mai sauƙi. Ya kwance rariya, ya juya bayanta, ya sake ɗaurewa. Ya kaɗa. Jaririn maƙwabta ya amsa.

Washegari ya koma shago, ya ce ba wai ya kasa ba ne, a dai ba shi abubuwan nan biyu. Mai gyara ya nuna masa inda kowace ƙafa take kamawa, ya miƙa masa kafasita kamar ƙwayar wake. A hanya yana juya ta a tafin hannu yana tsaki. Wannan 'yar ficiciyar ce za ta tare tsuwwar da ta gagari rariya gaba da baya? Yana shiga falo ya ɗaga kai, suka haɗa ido da fankar sama. Ya taka kujera ya ciro kafasitarta. Don kada a yi aiki biyu, ya ƙara da ta fankar ɗaki.

Yana cikin dalma ya kira Oga a waya. "Oga, kwantar da hankalinka, yanzu haka ina kan batun matata. Da na gama da ita, wannan muryar mai huda kunne ba wanda zai sake jin ta."

Ashe uwargida tana tsaye a bayansa, tana fifita da murfin tukunya, gumi har haɓa.

"Muryar wa za a daina ji?"

"A'a, ba ke ba! Matata nake nufi."

"To ni ɗin matar wa ce?"

Ya buɗe baki zai yi bayanin kimiyya, murfin tukunya ya riga shi. A bakin ƙofa ya ƙarasa aikin, da ƙulu a goshi.

Ranar Asabar ya hau dandali, ya jona matatarsa mai girman bulo. Ganga ta ɗauka, shi ma ya ɗauka. Ya rufe ido, ya lanƙwasa baya, ya durƙusa, yatsu har suna zafi. Sifikarsa kuwa ko tari ba ta yi ba. Kafasitocin fanka sun haɗiye siriri, sun haɗiye mai kauri, sun sha ruwa. Jama'a suka yi ta rawa. Ba wanda ya toshe kunne, ba tsohuwar da ta nemi maganin ciwon kai.

Da aka tashi ya lallaɓo wurin Oga.

"Oga, ka rufa min asiri, kada ka kore ni. Wallahi matatar ce ta lalace."

"Kora? Kana nan daram. Sharaɗi ɗaya, kada ka taɓa ko waya ɗaya a jikinta."

"Amma Oga, ko ƙis bai fita ba! Ai marar daɗin kaɗai aka ce za ta riƙe."

Oga ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To ai shi ta riƙe."