Ranar da Na Gyara wa Rakiya Waƙa

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da ɗiyata Rakiya take aji uku ba. Zafi ne irin wanda ko kaji ba sa fita kiwo da rana, amma shekarar ta zo mana da sauƙi, hatsinmu bai ƙare ba, kuma a cikinta na gama karatun manya a nan Cadawa. Takardar asibiti da kaina nake karantawa, har maƙwabta suna kawo mini tasu. (Gaskiya kaina ya ɗan kumbura, ban dai faɗa wa kowa ba.)

An kawo wa su Rakiya sabon malami, Mushe Iliya, mai son waƙa. Ya ce ranar Alhamis zai zaɓi yarinyar da za ta ja waƙar bikin rufe lakol, wato makaranta, kuma ba da ka za a yi ba, daga takarda za a karanto. Rakiya ta sa abin a ranta, ko tuwo ba ta gamawa.

Ranar Laraba da la'asar na buɗe kayenta, wato littafinta na rubutu. Na ga layi biyar-biyar, da wasu baƙaƙen ɗigo masu wutsiya, wannan ya hau sama, wancan ya faɗo ƙasa, wani ma ya maƙale tsakanin layi biyu. Ni kuwa wata shida malamarmu ta yi tana buga tebur tana cewa harafi ya zauna kan layi.

"Rakiya, wannan wane irin rubutu ne, kamar an watsa tururuwa?"

"Inna, haka Mushe ya rubuta a allo."

"Mushe ba zai yi haka ba. Ke dai sauri gare ki."

Ban yi mata faɗa ba, ni ba mai faɗa ba ce. Na cire shafin a hankali na jefa a murhu, na ja sabon layi biyar, na jera ɗigon nan duka kan layin ƙasa, reras. Tana kuka ina lallashinta, ina cewa wata rana za ta gode mini.

Da safe na yafa mayafi na bi ta lakol, wai in ba malami shawara a asirce. Ina asiri, aji ya cika maƙil.

"Mushe, ina kwana. Don Allah a riƙa lura da hannun yaran nan, rubutunsu ba ya zama kan layi. Na Rakiya dai na gyara."

Ya karɓi kayen, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Inna, bari in karanto miki." Ya ɗora yatsa kan ɗigon farko ya fara: "Mi, mi, mi, mi, mi..." Murya ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar injin niƙa. Bai kai ƙarshen layi ba yara suka fashe da dariya, har da masu buga benci.

Mushe ya ce, "Inna, ɗigon da ya hau, murya ce za ta hau. Wanda ya sauko, murya ta sauko. Ke kuma kin kwantar da waƙar gaba ɗaya."

Na ce, "To, madalla." Har yau ban san abin da na yi wa madalla ba.

An ara wa Rakiya kayen wata, amma ba ta yi bita ba, sau biyu tana tsayawa. Wata yarinya aka ba jan waƙar, Rakiya aka sa ta cikin masu amshi. A nan na gane cewa wata shida a karatun manya ba su isa in gyara abin da ban ko tambayi sunansa ba.

Washegari tun kafin a kaɗa ƙararrawa muna lakol, ni da ita. Na roƙi Mushe ya bar ni in kwafe waƙar daga allo, ko amshin ta yi da kyau. Na zauna kan bencin yara, gwiwoyina na dukan tebur, ina ajiye kowane ɗigo a karkace inda yake, hannuna yana ƙaiƙayi. Rakiya ta leƙo ta kafaɗata.

"Inna, wannan ma kin sauko da shi."

Na juya sabon shafi na sake daga farko.